Nguru: jirgin ƙasa ne ya haifi garin, ko tarar da shi ya yi?

Habibu Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ina so mu taɓa Nguru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta karɓu, Turawa suka ga akwai sauran ƙasa a gabas da ba su kai hannu ba, sai suka ja reshe. Ya isa Nguru a 1930, wajen kilomita 230 daga Kano, kuma a nan ya tsaya har yau. Ni a ganina wannan tsayuwar ita ce Nguru. Da a Birniwa dogon ya ƙare, da yanzu Birniwa ake zance, Nguru kuwa tana nan ƙauyen masunta a bakin tafki. Mai ja ya fito.

Modu Bulabulin:
Wa alaikumus salam. Ga mai ja ya fito. Malam Habibu, ƙauyen masunta fa ka ce? Tun ƙarni na 17 Nguru mazaunin Galadiman Borno ce. Ba ƙaramin hakimi ba ne, shi Mai, wato sarkin Borno da ke zaune a birnin Ngazargamu, ya damƙa wa dukkan yammacin daula, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. A taƙaice, daga Nguru ake sa muku ido. Kusan shekara ɗari uku kafin Bature ya aza ƙarfe ɗaya a ƙasar nan, akwai fada da dawaki da tambura a garinmu.

Jauro Sale:
Barebari an taɓo tarihi, yau ba mai barci. Modu, ka ƙarasa labarin mana. Wa ya tashi Galadiman naku daga garin?

Modu Bulabulin:
Bafillace, koma wajen shanunka, manya na magana.

Malama Falmata:
Ku bar wasan tukuna, don tambayar Jauro tana kan hanya, ko da tsokana ya yi ta. Yaya Modu, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka tsallake shekara ɗari da wani abu. A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya iso yammacin Borno, Fulanin yankin ƙarƙashin Ardo Lerlima, tare da na Haɗeja, suka ci Nguru, aka kashe Galadima Dunama. Ba a daɗe ba, a 1808, Ngazargamu kanta ta faɗi. Shehu Laminu ya farfaɗo da daular daga baya, amma sarautar Galadima ba ta koma yadda take ba. Haɗeja da Katagum sun zama masarautu masu bin Sakkwato, sun yanke babban ɓangare na ƙasar da yake riƙe da ita. Lokacin da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya ratsa yankin a 1851, a Bundi ya sami Galadima zaune, ba a Nguru ba. Sannan Rabe ya zo ya rushe Kukawa, babban birnin Borno na lokacin, a 1893.

To garin da jirgi ya tarar a 1930 gari ne mai tsohon suna, amma ƙarfinsa ya riga ya tafi. Malam Habibu ya yi kuskure da ya ce ƙauye ne kawai, Yaya Modu kuma yana magana kamar babu abin da ya faru tsakanin Galadima da tasha.

Habibu Fagge:
Malama, ai kin tabbatar da maganata ke nan. Gari ya mutu, jirgi ya tashe shi.

Malama Falmata:
Ban ce ya mutu ba. Ka tambayi kanka me ya sa Bature ya zaɓi nan. Bai ja dogo cikin daji don nishaɗi ba. Wuri ne mai ruwa a bakin hamada, hanyoyin fatake daga Mangari da Muniyo da Borno suna haɗuwa a yankin tun da can. Abin da ya sa Mai ya ajiye Galadima a wurin shi ne dai ya sa injiniya ya ajiye tasha.

Aminu Ringim:
Ni dai ina roƙon kada wani ya sa Ringim cikin garuruwan da dogo ya haifa. In ana neman garin reluwe na gaskiya a layin nan, Malam Madori ce. Haɗeja ce babban gari mai sarki, dogo ya kauce mata, aka yi tasha a Malam Madori, sai kanti da sikeli da 'yan kamasho suka tare can. Har dalar gyaɗa an yi a Malam Madori.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna mini wannan zance, shi yake rubuta mini. Na yi aikin reluwe har na yi ritaya, kuma na zauna a layin Nguru. Bari in gaya muku abin da ba a gani a littafi.

Tashar tsakiyar hanya daban, tashar ƙarshen dogo daban. A Jogana ko Zakirai ko Gagarawa jirgi tsayawa yake na ɗan lokaci, a sauke, a ɗauka, ya yi kuka ya wuce. A Nguru kuwa kwana yake. Dole a juya kan jirgi, a ba shi ruwa, a ba shi kwal, a duba taragai, direba da mai zuba kwal da gadi su sami wurin kwana. Wannan kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, ku duba nisan. Saboda haka dole a ajiye ma'aikata na dindindin, da kwatas ɗinsu, da iyalansu. Akawu da makanikai da yawa a farko mutanen kudu ne, Yarbawa da Ibo, don su ne suka riga mu shiga makarantar boko. Su suka kawo coci da makaranta da burodi. A 1966 da rikici ya tashi Ibo da yawa suka tafi, aikin reluwe a arewa gaba ɗaya ya ji jiki.

Na biyu, duk wanda ke gabas da Nguru ko arewa da ita, in yana da kaya, to Nguru ce ƙofarsa. Gashuwa, Gaidam, Machina, har Maiduguri. Shekara talatin da huɗu babu wani dogo da ya shiga ƙasar Borno sai wannan. Raƙuma da jakai da shanun kaya su sauke a tasha, daga baya manyan motoci. Gyaɗa, auduga, ƙirgi da fata, ƙaro, kanwa, shanu a tsaye cikin tarago. Abin da ke dawowa kuma goro, atamfa, gishirin kanti, kananzir, siminti, kwanon rufi.

In ka ga gari ya cika da fatoma da dillalai da masu masauki, to kaya ne ke sauya abin hawa a wurin. Daga bayan raƙumi zuwa cikin tarago, a nan ake cin abinci.

Modu Bulabulin:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma Baba, ba ka faɗi yadda aka shimfiɗa dogon ba.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, wannan kafin a haife ni ne, amma iyayenmu sun ba mu labari. Diban gwamna ake ce masa. A aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, a kawo mutum kaza daga kowane gari. Da kwando da diga aka yi shi, ƙasa a kai. Ana biya, amma ba a tambayarka ko kana so.

Mamman Gure:
Gaisuwa daga Nijar. Ni daga Gure nake, kuma mu a wajenmu Nguru kasuwarmu ce tun kakanni. Kanwa da gishirin mangul da ake dafawa a tafkunan Mangari, wajen Gure zuwa Maine-Soroa, da can fatake ke kai su Kano da ƙafa, tafiyar makonni. Da dogo ya iso Nguru sai tafiyar ta ragu, a sauke a nan, jirgi ya kai har ƙasar Yarbawa. Faransa ba ta yi mana dogo ba ko na taku ɗaya a gabashin ƙasar, sai muka ci moriyar na Ingila. Kuma Mangawan da ke Nguru da Machina da Yusufari da namu na nan dangi ne, iyaka ce ta ratsa tsakiyarsu.

Hajiya Yagana:
Duk kun ambaci gyaɗa da kanwa, ba wanda ya ambaci abin da ya kai sunan Nguru kasuwannin kudu. Banda! Ta kifi da ta nama. Ku je Ibadan ku tambayi matan da ke sayar da busasshen naman nan da suke kira tinko ko kundi, daga ina ake kawo shi da. A yanka, a yayyanka, a tafasa, a kyafe, a cika buhu, a sa a jirgi. Ba ya lalacewa ko ya yi mako a hanya. Har mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi aka gina a garin saboda naman da ke tafiya Legas. Kifi kuwa, tarwaɗa da karfasa, mata ne ke kan tanda daga asuba, hayaƙi ya cinye idon mutum kafin ya tsufa. Maza su karɓi kuɗi a tasha, a rubuta tarihi da sunansu.

Jauro Sale:
Hajiya ta fi ku gaskiya. Kuma naman na shanun wa?

Hajiya Yagana:
Na wanda ya sayar ya karɓi kuɗinsa, Jauro.

Habibu Fagge:
To ni tambayata ga masu cewa ba jirgi ba ne: wane harshe ake yi a kasuwar Nguru yau? Garin Galadiman Borno, amma ciniki da Hausa, wa'azi da Hausa, yara a layi da Hausa. Ga unguwa guda sunanta Hausari. Su wa suka kawo wannan in ba tarago ba? Kanawa da Katsinawa da Haɗejawa da Damagarawa suka bi gyaɗa da fata suka zo, suka auri 'yan gari, suka zauna.

Modu Bulabulin:
Wannan kam ba na musu. A gidanmu kaka tana yi mana Barbarci, mu amsa da Hausa, 'ya'yanmu kuma ko ji ba sa yi sosai. Yana damuna. Amma Gashuwa da Gaidam da Potiskum ba su taɓa ganin jirgi ba, kuma Hausa ta cinye kasuwanninsu. Jirgi ya gaggauta abin ne a Nguru, ba shi kaɗai ba ne.

Malam Goni:
Allah ya gafarta wa iyayenmu. Akwai wata hanyar da mutane suka cika garin wadda ba ta kasuwa ba. Shehu Muhammadu Gibrima, ɗaya daga manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar nan, a Nguru ya zauna ya kafa zawiyarsa har ya rasu a 1975. Almajirai sun zo daga Nijar da Chadi da ko'ina a arewa, wasu ba su koma ba. Yankin kuma dama ƙasar tsangaya ce, gardawa na zuwa neman tilawa wajen gwanayen Borno. Shi ma jirgin ya taimaka, don almajiri daga Zariya ko Gusau ya san in ya hau, ba zai ɓata ba, inda dogo ya ƙare nan zai sauka.

Ibro Tasha:
Yanzu ai Nguru ta kai mutum miliyan ɗaya.

Malama Falmata:
Ibro, a hankali. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Nguru gaba ɗaya, gari da ƙauyuka, mutum dubu 150 da 'yan ɗaruruwa. Ko ka ninka shi biyu saboda shekarun da suka wuce, ba ka kai rabin miliyan ba.

Amma akwai abin lura a lissafin. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 916 ne kacal, tana cikin ƙanana a Yobe. In ka raba, mutum wajen 164 ke nan a kowace murabba'in kilomita. Jihar Yobe kuwa a ƙidayar tana da mutum miliyan 2.3 a ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita dubu 45, wato wajen mutum 50. Cunkoson Nguru ya ninka na jiha sau uku. Kuma a ƙidayar nan Damaturu, babban birnin jiha, dubu 88 take da su, Potiskum dubu 205. Wato shekara goma sha biyar bayan an ƙirƙiro Yobe a 1991 an kai hedikwata Damaturu, Nguru ta kusa ninka ta.

Ibro Tasha:
Ƙidayar Najeriya dai, Malama.

Malama Falmata:
Na ji, kowa na da ƙorafi a kanta. Amma ita ce a hannu, kuma miliyan ɗinka ba a hannun kowa yake ba.

Injiniya Bukar:
Lissafin Malama shi ne ya rushe maganar Habibu, in kun lura. A 2006 jirgi ya riga ya zama sai an ga dama. Ku bi abin a jere. An ja sabon layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, kayan tsakiyar Borno suka daina biyowa ta Nguru. Fari ya zo a 1972 zuwa 1974. A 1975 cutar gyaɗa ta share gonaki. Kwalta ta yawaita, tirela ta ƙwace kaya daga tarago. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Duk abin da ya sa aka ja dogon ya ƙare ɗaya bayan ɗaya. In jirgi ne kaɗai ke riƙe da garin, me ya hana shi watsewa?

Ruwa ne. Garin yana wurin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, arewa da shi tudun yashi ne har Machina da Yusufari. Amma a kudancinsa ga ruwan da aka yi a ƙasar Kano yana zuwa ya kwanta. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama kogin Haɗeja. Da ya wuce Haɗeja ƙasa ta zama shimfiɗe, ga tsofaffin tudun yashi a jere, sai kogin ya rarrabu. Reshe ɗaya, Marma, shi ke zubawa a tafkin Nguru. Sauran su nemi hanyar haɗuwa da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam zuwa tafkin Chadi. Wannan fadamar ita ke ba da shinkafa da kifi da noman rani da kiwo da kaba da goriba. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar, hekta dubu 58, kuma shi ne na farko a Najeriya. Tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, har Dagona, a cikin wannan fadamar, ya je kallonsu a 1989.

Hajiya Yagana:
Injiniya, tsuntsun Turai ba ya cin gero. Ka yi maganar tsuntsun nan jan baki da ciyawar kacala da ta cika ruwa.

Injiniya Bukar:
Ina zuwa Hajiya, ai nan ne ciwon. Da can ruwa zuwa yake da ƙarfi a ƙarshen damina, ya malale, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, a shuka a bayansa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai tsarin ya juye. Babbar ambaliyar shekara ta ragu, amma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano. Magudanan da ke bushewa da rani suka daina bushewa. Abin da kacala ke so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ɗaukewa. Ta fito, ta kama laka, laka ta toshe hanya. Da tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, sai yawancin ruwan ya karkata Marma. Shi ya sa za ka ga abin mamaki: gonakin wajen Nguru sun nutse shekara da shekaru, mutanen da ke can ƙasa kuma suna kukan ruwa bai iso ba. Masunci ba ya iya tura kwalekwale cikin kacala, jan baki kuma ya samu gidan kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero.

Habibu Fagge:
Wato yanzu laifin Kano ne kuma.

Modu Bulabulin:
Kai ka faɗa da bakinka. Ku sha ruwa, ku yi tumatir a Kadawa, mu mu kwashi kacala.

Injiniya Bukar:
Ba maganar laifi ba ce, miliyoyin mutane ke sha daga madatsun nan. Magana ce ta yadda ake sakin ruwan. In aka riƙa sakin mai yawa a lokacinsa, aka bar magudanai su bushe wata biyu ko uku da rani, kacala za ta ja baya da kanta. Yankan ta da lauje ko tura injin haƙa kowace shekara kamar aske gemu ne, kafin ka juya ta fito.

Aminu Ringim:
Mu da ke sama ma ba mu tsira ba. A 2022 ruwa ya ci Ringim da Auyo da Haɗeja, don in ƙasa ta toshe, baya yake komawa.

Habibu Fagge:
To na ji, ruwa ne ya riƙe mutane. Amma riƙe mutane daban, arziki daban. Kamfanin man gyaɗa na Nguru fa? Mayankar da Hajiya ta ambata fa? Abin da ke kawo baƙi garin yanzu asibitin tarayya ne da kwaleji da kasuwar dabbobi. In ana so garin ya dawo, dogo za a gyara. Ga shi ana sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, an ƙaddamar a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, har da reshe zuwa Dutse. In an gama shi kayan Nijar duk can za su bi, Nguru ta ƙara zama a gefe.

Ibro Tasha:
Ai sai a haɗa shi da layin Nguru a Kano, shi ke nan.

Baba Mai Ritaya:
Ba ya haɗuwa, ɗana. Faɗin tsohon dogonmu ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. Sabon da ake yi milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. In kaya ya taso daga Nguru a tsohon layi, sai an sauke shi a Kano an sake lodawa, kuma ɗan kasuwar da ya biya lebura sau biyu, karo na gaba tirela zai nema. Ko dai a ci gaba da gyara tsohon har Legas, ko a tone na Nguru a shimfiɗa sabo.

Kuma ku daina tunanin fasinja. Fasinja bai taɓa biyan kuɗin layin nan ba, kaya ne ke biya. Ku nuna wa gwamnati tan nawa na riɗi da shinkafa da ƙaro da shanu ke fita daga Gashuwa da Nguru da Haɗeja a shekara, sannan ku yi maganar jirgi.

Mamman Gure:
Malam Habibu, ka buɗe taswira. Daga Gure zuwa Maraɗi sai ka bi ta Damagaram, kusan kilomita 400 ne. Nguru kuwa tana kudu da mu kai tsaye, ko rabin haka ba ta kai ba. Layin Maraɗi na Gobirawa da Katsinawa ne, Allah ya sanya alheri. Mai kora shanu daga Mangari ba zai yi yamma kwana da kwanaki don ya ga sabon jirgi ba, ta Machina zai shigo, ya nemi fatomansa a Nguru.

Jauro Sale:
Kuma fatoman Babarbare ne, zai ci la'ada ta gaba da ta baya.

Modu Bulabulin:
Kawo shanun dai tukuna, ma yi lissafi.